Yadda ake tantance hanyoyin biyan kuɗi ta waya na bankuna

Bankunan Najeriya suna da manyan hanyoyi uku na biyan kuɗi ba tare da an taka banki ba: lambar USSD, manhajar waya, da shafin intanet. Mai son gwada su ya fara da wayar da ke hannunsa. Ƙaramar waya USSD kaɗai take iyawa, kamar *737# na GTBank, *894# na First Bank, *919# na UBA ko *966# na Zenith, kuma ba ta cin data. Manhaja kuwa sai babbar waya. Shafin intanet ya fi dacewa da ɗan kasuwar da ke biyan mutane da yawa a kwamfuta.

Daga nan a lissafa caji. Bisa ƙa'idar Babban Bankin Najeriya da ta fara aiki a Janairun 2020, an yanka wa transfa zuwa wani banki cajin naira 10 idan kuɗin bai wuce 5,000 ba, naira 25 har zuwa 50,000, naira 50 sama da haka, ban da harajin VAT. USSD kuma na da nasa cajin, naira 6.98 a kowane kira, wanda aka shigo da shi a 2021. Mai tura kuɗi sau ashirin a yini, gara ya koma manhaja.

Sai a tambayi iyakar abin da asusu zai iya turawa a rana. Asusun matakin farko ba ya riƙe fiye da naira 300,000. Ɗaga shi na buƙatar BVN, NIN da shaidar adireshi.

Gwajin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne na ranar da sabis ya lalace, domin a ranar lafiya duk bankuna ɗaya suke. A tura naira 500 da yammacin Juma'a, a sake turawa a ƙarshen wata lokacin albashi, a ga minti nawa alat ke ɗauka kafin ya shiga. A kuma tambayi masu POS na unguwa bankin da ya fi saurin mayar da kuɗi idan an cire bai je ba. Sun fi kowace talla sanin gaskiya. Waɗanda suka sha wuya a ƙarancin takardun naira na farkon 2023 daga nan suka koyi riƙe asusu biyu, na banki ɗaya, na OPay ko Moniepoint ɗaya.

A duba inshora ma. Tun 2024, hukumar inshorar ajiya ta NDIC na lamunce wa mai ajiya har naira miliyan 5 a bankin kasuwanci, miliyan 2 a ƙaramin banki irin Kuda.

A ƙarshe a nemi lambar toshe asusu idan waya ta ɓace, a rubuta ta a takarda. Idan kuɗi suka maƙale, a kai ƙorafi banki a karɓi lambar shaida. In mako biyu ya cika shiru, a garzaya sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki.