Kitsen Hanta da Sitarol na Tsiro: Bayani ga Hakimai da Malamansu

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauta da sassafe ya san kamannin hantar lafiyayyar dabba: ja ce mai duhu, sumul, ba maiƙo a jikinta. Amma wani lokaci akan feɗe dabba a tarar da hantarta ta yi fari-fari, ta kumbura, in an yanka ta wuƙa ta fito da maiƙo. Abin da ke samun dabba yana samun ɗan Adam. Likitoci suna kiran wannan kitsen hanta, kuma bisa ƙididdigar shekarun nan, wajen mutum uku cikin kowane goma na manyan mutanen duniya suna da shi, galibinsu ba su sani ba.

An shirya wannan takarda ne saboda wani abu da ake kira sitarol na tsiro, wanda ake sayarwa a kwalabe da fakiti da sunan ƙarin abinci, wasu masu talla kuwa suna cewa yana wanke hanta. Tun da yake talakawa sukan kawo irin wannan tambaya zauren hakimi, ya kamata hakimi da malaminsa su san iyakar gaskiyar maganar.

Yadda cutar take

Hanta ita ce mafi girma cikin kayan ciki, nauyinta ga babban mutum wajen kilo ɗaya da rabi. Ita ce ma'ajin sukari, ita ke tace dafi daga jini, ita ke yin ruwan matsarmama wanda ke narkar da maiƙon abinci. Idan kitsen da ke cikinta ya wuce kashi 5 cikin ɗari, to, an ce ta yi kitse. An daɗe da sanin giya tana jawo haka. Amma a shekarar 1980 wani likita mai suna Ludwig da abokan aikinsa na asibitin Mayo a Amurka suka ba da bayanin waɗansu majinyata waɗanda hantarsu ta lalace irin ta mashaya, alhali ba sa shan giya. Malamin da ya duba katin asibiti zai iya ganin haruffan NAFLD, watau kitsen hanta ba na giya ba. A 2023 ƙungiyoyin likitocin hanta suka sake masa suna, yanzu MASLD ake rubutawa, don a nuna tushensa yana tare da ƙiba da ciwon sukari da hawan jini.

Mugun halin cutar shi ne shirunta. Mutum yakan shekara goma bai ji kome ba, sai ranar da aka ɗauki hoton cikinsa don wani dalili dabam a gani. Ga mafi yawa abin yakan tsaya nan. Ga waɗansu kuwa hantar takan kumbura, kumburin ya bar tabo, tabo ya yi yawa har ta taurare ta ƙanƙance. Sa'an nan ne ciki ke cika da ruwa, ido ya yi rawaya, wani ya yi aman jini, wani daji ya kama shi.

Ba rashin ladabi ba ne a faɗi cewa masu sarauta da ma'aikatan ofis suna cikin waɗanda cutar ta fi nema. Hakimin dā a kan doki yake rangadi, ya wuni a sirdi. Na yanzu a mota yake zuwa, ya wuni a zaune yana sauraron ƙara, kowane gari ya sauka a tarye shi da tuwo da nama da lemon kwalba. Mutane suna ɗaukar tumbi alamar arziki, hanta kuwa ita ke biyan kuɗinsa.

Mene ne sitarol

A jikin mutum da dabba akwai wani irin maiƙo mai suna kolestarol, wanda jiki ke bukata, amma in ya yi yawa cikin jini yakan toshe jijiyoyin zuciya da na ƙwaƙwalwa. Tsire-tsire suna da nasu irin, mai kama da shi ƙwarai, shi ne sitarol. Ana samunsa cikin gyaɗa da riɗi da waken soya da hatsi, da mayukan da ake matsowa daga gare su, man masara yana cikin waɗanda suka fi shi da yawa. Mutum yakan ci miligiram 200 zuwa 400 a yini cikin abincinsa na kullum.

Aikinsa a hanji yake, kuma ana iya kwatanta shi da jirgin fito. Idan mutum ya ci abinci, ruwan matsarmama yakan zubo cikin hanji ya dunƙule ya zama 'yan ƙananan ƙwayoyi, su ne ke ɗaukar kolestarol su kai shi bangon hanji, daga nan ya shiga jini. Wurin zama a cikinsu ƙayyadadde ne. Sitarol, saboda kamanninsa, yakan shiga ya tare wurin, kolestarol ya rasa jirgi ya fita tare da bayan gida. Shi kuma sitarol ɗin, da ya isa gaɓa sai bangon hanji ya koro shi. Wajen rabin kolestarol da ke cikin hanji yakan shiga jini, amma na sitarol bai kai kashi 5 cikin ɗari ba. Wannan ne ya sa ake shansa tare da abinci, gama in ciki wayam yake ruwan matsarmama bai zubo ba.

Sanin wannan ba sabo ba ne. Tun farkon shekarun 1950 aka gwada shi ga kaji, sa'an nan ga mutane, har kamfanin Eli Lilly na Amurka ya fito da shi da sunan Cytellin. Sai an sha da yawa yake aiki, don haka aka bar shi. A 1995 kamfanin Raisio na ƙasar Finlan ya sami dabarar cuɗa ɗan'uwansa mai suna sitanol cikin man shafa wa burodi, ya kira shi Benecol, daga nan kasuwarsa ta sake buɗewa. Abin da aka tabbatar ta gwaji mai yawa shi ne giram 2 a yini yana rage mugun kolestarol na jini da wajen kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari, cikin mako biyu ko uku. Wuce giram 3 ba ya ƙara wani amfanin kirki, kuma da an daina sha kolestarol yake komawa inda yake.

Kada wani ya ce zai sami giram 2 ɗin nan daga gyaɗa. Sai ya ci kusan kilo guda kowace rana, wanda ƙarfinsa ya ninka abincin da namiji ke bukata a yini sau biyu, hantar da ake son a sauƙaƙa wa ta ƙara shan kaya.

Ko yana warkar da hanta

A nan ne masu talla ke haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Kolestarol na jini dabam, kitsen da ke taruwa a hanta dabam. Na hanta irin kitsen ajiya ne, kamar na tumbi. Wani daga tumbin yake gangarowa, wani kuwa hantar ce da kanta ke ƙera shi daga rarar sukari da tuwo da shinkafa da jiki bai ƙone ba. Sitarol yana tsaron ƙofar kolestarol ne kaɗai, sukari ta wata ƙofa yake shiga.

An yi gwaje-gwaje ga masu kitsen hanta a Iran da ƙasar Sin, aka ga kolestarol ya sauka, a wasu kuma awon jinin hanta ya ɗan gyaru. Amma mutanen da aka gwada ba su da yawa, kwanakin gwajin kuma makonni ne, alhali cutar ta shekaru ce. Ba wanda ya nuna yana share tabo ko yana hana hanta taurarewa, kuma manyan ƙungiyoyin likitocin hanta ba su sa shi cikin magungunan cutar ba.

Duk da haka yana da ɗan gurbi. Abin da ya fi kashe masu kitsen hanta ciwon zuciya ne, ba hantar ba, don haka rage kolestarol ya shafe su. Sai dai ko a nan ba a yi babban gwajin da ya nuna sitarol yana rage mutuwa ba. Ƙwayoyin da ake kira sitatin su ne aka tabbatar musu da haka, suna kuma rage mugun kolestarol da kashi 30 zuwa 50, kuma likita yana iya ba mai kitsen hanta su. Wanda ya ajiye sitatin ɗin da likita ya rubuta masa ya koma ga kwalbar talla, lalle ya yi mummunar musaya.

Abin da ke sauke kitsen hanta shi ne rage nauyi. Rage kashi 5 cikin ɗari na nauyin jiki yana rage kitsen, kashi 7 zuwa 10 yana kwantar da kumburi, har tabo ma yakan ragu. Mai kilo 90 ke nan sai ya zubar da kilo 6 zuwa 9, sannu a hankali cikin watanni, ta barin lemon kwalba da shayi mai sukari, da rage malmala, da tafiyar ƙasa ta rabin sa'a kwana biyar a mako. A watan Maris na 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da magani na farko, resmetirom, domin waɗanda tabo ya riga ya kama, kuma likitan hanta ne ke ba da shi bayan bincike.

A ƙasashen Turai doka ta sa a rubuta a jikin kayan sitarol cewa bai dace da mai ciki da mai shayarwa da yaro ƙasa da shekara biyar ba. Akwai kuma wata cuta ta gado, wadda aka fara bayaninta a 1974, inda hanji ba ya koro sitarol, sai ya taru a jini ya toshe jijiyoyi tun mutum yana yaro. Ba ta da yawa, amma ga mai ita wannan kwalba guba ce. Mai shan sitarol kuma ya yawaita karas da kabewa da alayyahu da mangwaro, domin yana rage wani sinadarinsu da jiki ke mayarwa bitamin A.

Abin da ake bukata ga hakimi

Mutumin da ya zo da kukan ciwon hanta, asibiti za a tura shi a auna jininsa tukuna. A arewacin Nijeriya da Nijar cutar hanta ta ƙwayar B tana da yawa, tana kuma yin shiru kamar kitse, amma maganinta dabam ne, kuma tana kama iyali. Wanda ya sha sitarol shekara guda alhali wannan ce ke cin hantarsa, ya yi asarar kuɗi da lokacin da ba zai dawo ba. Akwai allurar rigakafinta ga jarirai, ya kamata dagatai da masu unguwanni su riƙa tunasar da iyaye.

Kada hakimi ya yarda mai talla ya kafa lasifika a ƙofar gidansa, ko ya ɗauki hoto da shi, gama talaka zai ɗauka sarauta ce ta shaidi kayan. Malamin hakimi ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwalba, ya kuma sani lambar shaidar rajista ce, ba shaidar warkar da hanta ba. Wanda aka ji yana hana mutane maganin asibiti, a rubuta sunansa da na kayansa a aika wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma.

Tun da an ambaci gyaɗa, akwai wani abin da ya shafi gundumomi kai tsaye. Gyaɗa da masara da aka adana da danshi sukan yi fumfuna mai fitar da dafi da ake kira afalatoksin, wanda aka gano bayan ya kashe talotalo wajen 100,000 a Ingila a 1960. Yana jawo dajin hanta, musamman ga mai ƙwayar B, kuma dafuwa ba ta kashe shi. Da kaka, a gargaɗi manoma su busar da amfaninsu sarai kafin a zuba a rumbu, a tsince ƙwayoyin da suka yi baƙi ko suka ruɓe, kada kuma a mayar da su ƙuli-ƙuli ko abincin dabbobi.