Sallama Daga Asibiti Ba Warkewa Ba Ce

Jama'a, in likita ya sallami ɗan'uwanku, kada ku zaci ya warke sarai. Jiyya ce ta komo hannunku.

Tun kafin ranar sallama a zaɓi mutum guda mai natsuwa ya tambayi likita lokutan shan magani, da abincin da aka hana, da ranar komowa. A share ɗaki, a ɗaura gidan sauro.

Majiyyacin da ba ya iya motsi, a riƙa juya shi duk bayan awa 2, gama kwanciya a gefe ɗaya ita ke kawo gyambo. Kada a bar magani don an ga sauƙi. In zazzaɓi ya taso, ko ɗinki ya soma mugunya, kada a jira ranar komowa, a mai da shi asibiti nan da nan.