Yadda Ake Hawan Hasumiya a Sauko Lafiya

A Tekun Arewa, tsakanin Ingila da Danmak, an kakkafa dubban hasumiyoyi a cikin ruwa, da yawansu sun haura mita 100, kowace da ƙatuwar farfela wadda iska ke juyawa ta ba da lantarki, kuma galibin kamfanonin da ke da su ba sa barin ma'aikaci ya taka tsaninsu sai ya nuna shaidar ya koyi ilmin hawa da na ceton wanda ya faɗo. Mu nan irin namu a tudu suke, su ne injinan iska 37 na Lambar Rimi a Jihar Katsina, bisa turaka masu tsawon mita 55. A Kwandere kuwa da sauran sassan garin Lafiya, samarinmu kullum suna bisa, wasu kan turken sadarwa, wasu kan ƙarfen tankin ruwa, wasu suna ɗora faifan sola a rufin kwano. Da yake fuƙaha'u sun lissafa kiyaye rai cikin larurori biyar da Shari'a ta zo tsarewa, sanin waɗannan ƙa'idoji wajibi ne ga mai wannan sana'a.

Na farko, ɗan'uwa, ka tambayi kanka ko hawan ya zama tilas. Injinan Lambar Rimi, waɗanda kamfanin Vergnet na Faransa ya ƙera, an yi su ne yadda za a iya kwanto da turken ƙasa a yi gyara. Kai ma duk abin da zai haɗu a ƙasa, ka haɗa shi a ƙasa.

Na biyu, ka dubi samaniya, ka dubi jikinka. In hadari ya haɗo ko ka ji tsawa, ko iskar hunturu ta yi ƙarfi, ko raɓar asuba ba ta bushe a jikin ƙarfe ba, ka dakata. Mai zazzaɓi ko jiri shi ma kada ya hau. Sa'an nan ka kashe wuta, ka sa kwaɗo a makunnin, mabuɗi ya zauna a aljihunka, in kuwa injin iska ne, a tsayar da farfela a kulle ta.

Na uku, ka binciki kayanka da idonka da hannunka. Ɗamarar tsaro da za ka ɗaura ita ce mai kama kafaɗu da ƙirji da cinyoyi gaba ɗaya, domin igiyar da aka ɗaura a ƙugu kawai, in mutum ya faɗo, tana iya karya masa baya ko ta illata cikinsa. Ka bi ɗinkin ko ya warware, ka duba ƙugiyoyi ko sun yi tsatsa ko sun ƙi rufuwa. Ka sa hular kwano mai maɗaurin haɓa da takalmi mai kama ƙarfe, ka ajiye silifas da riga mai yalwa, ka ɗaure sufana da filaya da zare don kada su faɗo wa na ƙasa.

Na huɗu, tsani. In na jingina ne, ga kowace mita 4 ta tsayi ka janye ƙafarsa mita 1 daga bango, kansa ya zarce inda za ka taka da kamar mita 1, a ɗaure shi sama, ko wani ya riƙe shi ƙasa, kuma kada tsanin ƙarfe ya kusanci wayar lantarki. Ka hau kana fuskantarsa, hannuwanka babu kaya, kullum gaɓoɓi uku suna riƙe, wato hannu biyu da ƙafa ɗaya, ko ƙafa biyu da hannu ɗaya. In tsanin hasumiya ne mai waya ko dogo a tsakiya, ka maƙala na'urar da ke bin wayar a zoben ƙirjinka, ka ja ta ƙasa da ƙarfi ka tabbatar tana cijewa kafin ka ɗaga.

Na biyar, wanda shi ne ginshiƙin al'amarin, kada ka kasance a sake ko da ƙiftawar ido. Igiyarka ta zama mai ƙugiya biyu, ba ka cire ɗaya sai ɗayar ta kama, musamman lokacin ƙetarawa daga tsani zuwa dandamali, inda gwani kan yi sakaci saboda sabo. Ka maƙala sama da kanka, a jikin ƙarfe mai ƙwarin da zai iya ɗaukar mota, ban da bututun ruwa ko ƙarfen eriya. Wanda ya ce ajali ba ya wuce lokacinsa ya faɗi gaskiya, amma tawakkali na haƙiƙa yana tafiya ne tare da riƙon sababi.

Na shida, ka ƙiyasta sararin da ke ƙarƙashinka. Igiya mai mita 2, da ƙunshin da ke warwarewa don rage fizga wanda kan ƙara har mita 1.75, da tsayinka, da ɗan rara, suna bukatar kusan mita 7 daga maƙali zuwa ƙasa. Ke nan a kan tankin ruwa mai mita 5 wannan igiya ba za ta hana ka dukan ƙasa ba, sai gajera mai hana ka isa baki, ko mai naɗe kanta.

Na bakwai, kada ka hau kai kaɗai, kuma ku shirya hanyar ceto tun kafin hawa, domin wanda ya rataye a ɗamara jini kan taru a ƙafafunsa har ya suma cikin ɗan lokaci. Ya riƙa motsa ƙafa, a gaggauta sauko da shi a kai shi asibiti ko da ya ce lafiyarsa lau, ɗamarar da ta tare shi kuwa a yayyanka ta a zubar.

Sayen waɗannan kaya da koyar da amfani da su hakki ne a wuyan maigidan aiki, yaro kuwa in an ce ya hau babu su, ya ba da haƙuri cikin ladabi, ya tsaya a ƙasa har a kawo.