DARASI: Imel Ɗinka Ya Ƙi Fita? Ga Inda Za Ka Duba

Yau darasin ba na kaji ko kifi ba ne, amma ya shafi cinikinsu.

Watan jiya wani otal ya nemi in aika masa farashin kiret 40 na ƙwai duk mako. Na rubuta a kwamfuta da intanet ɗin gida, na danna Send, na wuce gona. Sai bayan kwana biyu na tarar da saƙon yana nan a Outbox. Kafin in farga sun ba wani.

Abin da ya ruɗe ni, saƙonni suna ta shigowa lafiya lau. Ashe hanyar shiga daban, ta fita daban. Ta fitar ita ake kira SMTP.

In ka gamu da irin wannan, bi a hankali:

1. Leƙa Sent. In saƙon ba ya ciki, to bai tafi ba.

2. Kashe wifi ɗin gida, ka jona da datar waya, ka sake turawa. In ya tafi, matsalar daga intanet ɗin gidan take.

3. Kamfanonin intanet da yawa suna toshe ƙofa mai lamba 25 don daƙile masu watsa saƙonnin banza. Nan tawa ta maƙale. Shiga saitin manhajar, inda aka rubuta Port, ka mayar da lambar 587 ko 465. Mai Gmail ya tabbatar sabar fita smtp.gmail.com ce.

4. Duba nauyin abin da ka liƙa. Gmail ba ya ɗaukar sama da MB 25, kuma bidiyon kandamin kifi ɗaya ma zai iya wuce haka. Ɗora shi a Google Drive.

5. Gmail na kyauta GB 15 ne, tare da Drive da hotuna. In ya cika, ba aikawa ba karɓa.

6. In ka canza kalmar sirri, sabunta ta a manhajar.

In lokaci ya ƙure, buɗe imel ɗin ta burauza ka tura daga can, toshewar ƙofa 25 ba ta shafe ta ba.

Kuma don Allah, farashi ne ko takardar neman tallafi, bayan ka tura ka kira ka ji ko ta isa. Wa ya taɓa yin irin asarar nan?