Yadda A Ke Rarrabe Wanda Ya Taɓa Yin Ciwon Hanta Da Wanda Aka Yi Wa Allurar Riga-kafi

Ana roƙon hakimai da malamansu su karanta wannan darasi da natsuwa, domin magana ce wadda za ta riƙa zuwa zaurensu. A shekarar 2024 Gwamnatin Jihar Kano ta kafa doka cewa sai an auna jinin ango da amarya kafin a ɗaura aure, kuma cikin abubuwan da a ke dubawa har da ciwon hanta iri na B. Takardar asibiti kuwa da Turanci a ke rubuta ta, talaka in ya karɓa sai ya nemi mai karatu. In mai karatun ya ce yarinya tana da ciwo, alhali kuwa shaidar allurar riga-kafi ce ya gani, to, ya kashe aure, ya kuma ɓata sunan 'yar mutane a banza.

Ciwon da kansa

Wata ƙwayar cuta ce ƙanƙanuwa ta ke kawo shi. Tana bin jini, watau daga uwa zuwa jariri wajen haihuwa, ko ta askar wanzami da allurar da ba a tsabtace ba, ko ta saduwar miji da mata. Ba a ɗaukarta wajen cin tuwo a akushi ɗaya ko gaisawa da hannu. Babban mutum in ya kamu, galibi jikinsa ya kan kore ta, ba su kai 5 cikin 100 ba waɗanda ta ke zauna wa. Amma jaririn da ya ɗauka wajen haihuwa, cikin 10 sai ta zauna wa 9, tana cin hanta a ɓoye shekara da shekaru, har wani ta kai shi ga ƙandarewar hanta ko ciwon daji. Binciken da aka yi a Nijeriya duka a 2018 ya nuna wajen mutum 8 cikin 100, daga masu shekara 15 zuwa 64, suna ɗauke da ita.

Dogaran jini

Duk sa'ad da baƙon abu ya shiga jiki, jini ya kan ƙera waɗansu abubuwa masu kama shi. Likitoci suna ce musu antibodi, mu kuwa za mu kira su dogaran jini. Kowane dogari abu ɗaya kaɗai ya sani, ba ya kama wani.

Ita ƙwayar tana da riga a waje, da kuma cibiya a ciki. Wani likitan Amurka, Baruch Blumberg, shi ya fara gano rigar cikin jinin wani mutumin Ostareliya, ya bayyana wa duniya a 1965, aka ba shi kyautar Nobel a 1976. Allurar riga-kafin da a ke yi yanzu, wadda aka fara haɗa ta da yisti a 1986, rigar nan ce kurum a ciki, babu cibiya, babu ƙwaya mai rai. Saboda haka wanda aka yi wa allura, jininsa dogaran riga kaɗai ya ke ƙerawa. Wanda kuwa ya gamu da ƙwayar ita kanta, jininsa ya kan ƙera dogaran cibiya, in ya yi nasara a kanta ya ƙara da na riga. Nan ne bambancin ya ke.

Awo uku

A takardar asibiti za a ga sunaye uku, kowanne da alamar + ko kalmar da ke nufin akwai, ko kuwa alamar − mai nufin babu.

1. HBsAg, ita ce rigar ƙwayar. In akwai ta, ƙwayar tana jiki yanzu.
2. Anti-HBc, su ne dogaran cibiya. In akwai su, mutum ya taɓa gamuwa da ƙwayar. Allura ba ta kawo su ko kaɗan.
3. Anti-HBs, su ne dogaran riga. In akwai su, mutum yana da tsari.

Yadda a ke karanta su

In duka ukun babu, mutum bai taɓa kamuwa ba, ba a kuwa ga shaidar tsari a jininsa ba. In ba a taɓa yi masa allura ba, sai a yi masa.

In na uku kaɗai a ke da shi, allura ce ta kama. Lafiyarsa lau, ba ya sa wa kowa.

In akwai na biyu da na uku, na ɗaya babu, ya taɓa yin ciwon, jikinsa ya rinjaye shi.

In akwai na ɗaya da na biyu, na uku babu, ƙwayar tana nan. In aka sake awo bayan wata 6 aka tarar rigar ba ta tafi ba, ciwon ya zauna ke nan, sai ya kasance a hannun likita.

In na biyu kaɗai ya fito, wannan sha'anin likita ne, kada malami ya yanke hukunci.

Akwai abu biyu da ya kamata a lura da su. Ɗan tsinken awon nan na gaggawa, wanda a ke ɗiga wa jini, galibi rigar kaɗai ya ke nema, ba ya faɗin ko mutum yana da tsari. Sa'an nan wanda aka yi wa allura cikin wata guda da ya wuce, mai yiwuwa ne a ga rigar a jininsa, domin ita aka zuba masa. Sai ya gaya wa likita, a jinkirta, a sake awo.

Amfanin rarrabewa

Wani zai ce, tun da ya ke mai allura da wanda ya warke duk suna da tsari, ina amfanin rarrabe su? Amfanin shi ne, wanda ya warke a wani wuri ya ɗauka, sau da yawa kuwa a cikin gida ne. Ya kamata a auna uwarsa da 'yan'uwansa da matarsa, watakila cikinsu akwai mai ɗauke da ita bai sani ba. Bayan wannan, ƙwayar ta kan bar ɓurɓushi a hanta, ta kan iya farfaɗowa in an ba mutum magani mai raunana jiki, irin na ciwon daji. Dole likitansa ya san labari tun da wuri.

Nijeriya ta sa wannan allura cikin riga-kafin yara a 2004. Yaran farko da aka yi wa sun isa aure yanzu, saboda haka takardu masu shaidar allura za su yi ta ƙaruwa.

Abin da a ke so hakimai su yi

Na farko, malami kada ya fassara takarda sai ya duba sunan awon, ba alamar kaɗai ba. In ya yi shakka ya tura mai ita asibiti, ya kuma riƙe asirin abin da ya gani.

Na biyu, in an sami ƙwayar ga ɗaya daga cikin masu neman aure, a auna ɗayan. In ba shi da tsari, allura uku cikin wata 6 su kan tsare shi, kuma bayan wata ɗaya ko biyu da ta ƙarshe a kan auna a tabbata ta kama. Mai ciwon kuwa akwai magani, irin tenofovir, mai danne ƙwayar, ko da ya ke ba ya raba ta da jiki gaba ɗaya.

Na uku, a umurci dagatai da masu unguwa su gargaɗi magidanta da ungozoma, a kai jariri a yi masa allurar farko cikin sa'a 24 da haihuwa, kada a jira suna, sa'an nan a koma a mako na 6 da na 10 da na 14. Wanzamai kuma su riƙa sabon reza ga kowane mutum.

Hakimin da ya tsaya a kan waɗannan ya tsare lafiyar talakawansa da mutuncinsu. Allah ya taimake mu, amin.