In Agogon Mai Ya Yi Maka Ƙarya

A ce kai direba ne, kana da a-kori-kura. Ran Laraba, ranar kasuwar Dutsin-Ma, ka yi lodin tumatir da albasa na masu lambun madatsar ruwa ta Zobe, za ka kai Katsina. Ka dubi agogon mai, ka ga allura tana tsakiya, ka ce rabin tanki ya ishe ka. Tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi bai kai kilomita 30 ba, amma tun ba ka hangi Kurfi ba sai mota ta yi shaƙuwa, ta mutu. Ka duba tanki, ka tarar ƙaf, ba ko ɗigo. Ga rana ta kusa faɗuwa, ga kaya mai ruɓewa, ga masu kaya sun zuba maka ido. Zamanin nan kuwa ba mai son dare ya riske shi a daji. To, agogon mai ne ya yi maka ƙarya. Bari mu ga yadda za ka kama shi.

Yadda ya ke aiki

A fuskar agogon akwai haruffa biyu. Harafin E yana nufin babu mai, harafin F yana nufin tanki ya cika. Amma agogon ba ya ganin cikin tanki, labari a ke aiko masa.

A cikin tanki akwai wani ɗan abu mara nauyi, yana yawo a kan mai kamar goran masunta a kan ruwa. Makanikai suna ce masa fulot. An ɗaura shi ga wani siririn hannu na ƙarfe. In mai ya yi sama, ya bi shi sama, in ya yi ƙasa, ya bi shi ƙasa. A gindin hannun akwai ɗan harshe yana gugar wani faranti mai siraran layuka. Wurin da harshen ya tsaya shi ke ƙayyade yawan wutar da za ta wuce, kamar yadda mai ban ruwa ya ke buɗe bakin kwari ko ya rage shi. Waya ita ke haɗa tanki da agogo, allura kuwa ta motsa gwargwadon wutar.

Ka ga ashe abu huɗu ne: fis, da waya, da fulot, da agogo. Laifin ba ya wuce ɗayansu. Kada ka yi gaggawar sayen sabon agogo, gama sau da yawa shi ba shi da laifi, abin da aka gaya masa ya ke faɗi. Fara da mai sauƙi, ka ƙare da mai wuya.

Neman laifin

Na fari, murɗa makulli har fitilun gabanka su kama, amma kada ka ta da inji. In agogon mai da na zafin inji duka sun mutu tare, to, duba fis. Zare shi ka ɗaga a haske. In zaren cikinsa ya tsinke, sa wani mai lamba iri ɗaya. Kada ka ɗaure shi da waya, ta haka mota ke kama wuta.

Na biyu, bi waya. Kai mota fili, ka sa wa ƙafafunta waigi, ka leƙa ƙarƙashin bodi inda waya ta shiga kan tanki. Gargadar hanya ta kan sassauta ta, taɓon damina kuma ya kan sa ta tsatsa. Ka lura ƙwarai da wayar da ke manne da ƙarfen mota, domin ta nan wuta ke komawa. Kankare tsatsar, ka ɗaure tam. In allura tana rawa duk sa'ad da ka faɗa rami, yawanci a nan ciwon ya ke.

Na uku, gwada agogon kansa. Zare wayar agogo daga kan tanki, yaron motarka ya zauna gaba, ya murɗa makulli yana duban allura. Sa'an nan ka taɓa bakin wayar ga ƙarfen mota, nesa da tanki, ka ɗauke nan da nan. In allura ta tashi daga wannan gefe ta nufi wancan, agogo da waya lafiyarsu lau, laifin yana cikin tanki. In ba ta motsa ba, ko dai waya ta tsinke a hanya, ko agogo ya mutu. Wannan gwaji na tsofaffin motoci ne, irin Peugeot 404 da 504 waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan an buɗe masana'antarsu a 1975. In motarka sabuwar Hilux ce mai kwamfuta, kada ka taɓa, kai wa mai rewaya ya auna da na'urarsa. Haka kuma in famfon mai yana cikin tanki, wayoyin suna da yawa, kada ka yi kirdado.

Na huɗu, fulot. In ya huje ya sha mai, sai ya nutse, allura ta kwanta a kan E ko da tanki ya cika. In hannun ya lanƙwashe ko ya maƙale, allura ta tsaya wuri ɗaya, kamar yadda ta yi maka a hanyar Kurfi. In farantin ya cinye, allura ta riƙa tsalle. Maganinsa a sake shi.

Gargaɗi

Kafin a buɗe tanki, cire kan batir. Kada a sha taba kusa, kada a kawo ashana ko fitilar ƙwai. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa ya ke kwanciya, ba ka ganinsa. Tankin da ba mai ya fi cikakke haɗari, gama tururi ne cike da shi. Kada ka bari mai walda ya kusance shi.

Kafin ka sami gyara

Tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023 kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu, sabo da haka direbobi da yawa kaɗan kaɗan su ke sha. Mai yin haka da mataccen agogo yana tafiya ne a makance. Barin tanki ya ƙafe kuma ɓarna ne. Famfon da ke cikin tanki mai ne ke sanyaya shi. Motar gas kuwa in ta zuƙi iska, ba ta tashi sai an fitar da iskar.

To, ga amfanin karatun da ka koya. Sami ɗan littafi. Ran da ka sha mai, rubuta yawan lita da lambar da agogon kilomita ya nuna. Misali, in motarka tana cin kilomita 8 da lita ɗaya, ka sha lita 20 ke nan kana da kilomita 160. Kada ka jira su ƙare, kana cin 120 ka nemi gidan mai. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya, amin.

Tambayoyi

1. Mene ne ma'anar E da F?
2. Me za ka fara dubawa in agogo biyu sun mutu tare?
3. Don me a ke cire kan batir kafin a buɗe tanki?
4. Lita 15 za ta kai motar nan ta misali kilomita nawa?