Karatun Fadamar Rima Daga Sararin Samaniya

Idon ɗan'adam yana ganin ɗan yanki ne kawai na hasken rana, wato daga shuɗi zuwa ja. Bayan ja akwai wani haske da ido ba ya kamawa, wanda masana ke kira infirared. Taurarin ɗan'adam masu ɗaukar hoton ƙasa suna auna waɗannan nau'o'in haske ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane nau'i ana kiransa zango. Wannan darasi zai nuna yadda ɗalibin da ke zaune a Minanata, cikin birnin Sakkwato, zai iya zana waɗannan zanguna a kwamfuta, har ya san halin da shuka ke ciki a fadamar Rima.

Hoto ko Alƙaluma?

Abin da tauraron ke aikowa ƙasa alƙaluma ne tsagwaronsu. An harba Landsat na farko a Amurka a 1972, kuma tun 2008 ake ba da hotunan kyauta ta intanet. Landsat 8, wanda aka harba a 2013, yana da zanguna 11, yana kuma ratsa wuri guda duk bayan kwana 16. A yawancin zangunan, kowane ɗigo na hoton fili ne mai mita 30 tsawo da mita 30 faɗi, wato ƙasa kaɗan da ushirin hekta. Ke nan gidaje biyu ko uku na Minanata na iya haɗuwa cikin ɗigo ɗaya. Nijeriya ma ta mallaki NigeriaSat-1 a 2003, mai zanguna uku: kore da ja da infirared.

Sirrin Ganye

Sinadarin kulorofil da ke cikin ganye yana shanye jan haske da shuɗi domin haɗa abinci. Amma ƙwayoyin cikin ganyen suna mayar da kaso mai yawa na infirared sama. Saboda haka lafiyayyar shuka tana da ƙaramin adadi a zangon ja, babba a zangon infirared. Idan ƙishirwa ko cuta ta kama ta, sai tazarar ta ragu. Shi kuwa ruwa shanye infirared yake yi kusan ƙaf.

Matakan Zane

Manhajar lissafi ta R, wadda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka ƙirƙiro a Jami'ar Okland, kyauta ce, kuma ƙunshinta mai suna terra yana karanta irin waɗannan hotuna.

1. A zana kowane zango shi kaɗai. A zango na 5 na Landsat 8, wato infirared, gulbi zai fito baƙi, gonakin rani kuwa fari.

2. A zana jadawalin sanduna na alƙaluman zangon, domin a ga inda suka taru. Idan an cushe su wuri guda, hoton zai yi dishi-dishi, sai a buɗa tazararsu.

3. A haɗa zanguna uku da umarnin plotRGB. Allon kwamfuta launi uku ya sani: ja, kore, shuɗi. Idan aka ba shi zango na 4 da na 3 da na 2, ƙasa za ta fito kamar yadda ido ya saba gani. Idan kuwa aka ba shi na 5 da na 4 da na 3, duk ɗanyen ganye zai koma ja wur.

4. A ɗebe adadin ja daga na infirared, a raba da jimillarsu. Wannan shi ne ma'aunin NDVI, wanda ke tsakanin -1 da +1. Misali, gonar albasa mai 0.45 a infirared da 0.05 a ja za ta ba da 0.8. Faƙo mai 0.30 da 0.25 zai ba da 0.09 kacal. Ruwa yakan faɗi ƙasa da sifiri.

Amfaninsa

A watan Satumba na 2010 gulbin Rima ya yi ambaliya, ya cinye gonaki da ƙauyuka, ya kuma yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Mai kwatanta hoton kafin ambaliyar da na bayanta zai iya ƙirga ɗigon da suka juye daga ja zuwa baƙi, ya ninka da murabba'in mita 900, ya san faɗin gonakin da ruwa ya ci. Da irin wannan lissafi ake gane inda bai kamata a yi gini ba. Sai dai a kula: hotunan 2010 na Landsat 5 da 7 ne, inda ja yake zango na 3, infirared na 4.

Gargaɗi

Launin da ke kan allo zaɓin mai zane ne, alƙaluman su ne shaida. Kada a kwatanta hoton Agusta da na Maris a ce hamada ta shigo, domin bambancin damina da rani ne. Gajimare da hazon hunturu su ma suna gurɓata awo. Haka kuma tauraro bai san bambancin dogonyaro da shinkafa ba, duka ja yake nuna su. Don haka wajibi ne a taka ƙafa zuwa gonar, a tambayi manomi, domin gani ya kori ji.

Aikin Aji

Malami ya samo hoton Sakkwato na watan Fabrairu. Ɗalibai su zaɓi ɗigo goma daga Minanata, goma daga fadama, su lissafa NDVI na kowanne, sannan su bayyana dalilin bambancin da suka samu.